Sunaye bakwai sun maƙale a jerin tallafin taki, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa manoma na yankin Garwa da Marwa a arewacin Kamaru. Ina neman shawarar wanda ya san kan takardun tallafin taki na gwamnati.

Ƙungiyarmu ta masu noman masara mai rajistar GIC ce (wato ƙungiyar haɗin gwiwa da hukuma ta amince da ita), mutum 24. An auna gonaki, an rubuta buƙatar kowa: buhu biyu na takin NPK da buhu ɗaya na takin yuriya, masu kilo 50, ga rabin hekta. Kowa ya biya kasonsa, rasidi na hannu. Mutum 17 sun ɗauki nasu, bakwai an ce sunansu bai fito ba.

Da muka bi diddigi, huɗu rubutun suna ne ya kayar da su: katin ɗan ƙasa na ɗauke da rubutun Faransanci, misali Oumarou, sakatare kuma ya rubuta Umaru. Biyu katinsu ya ƙare, takardar wucin gadi kawai gare su. Na bakwai lambar wayar da ya bayar da sunan ɗansa aka yi mata rajista.

Gyaran a ina ake yinsa, wajen malamin gona na ƙauye ko ofishin noma na gunduma? Takardar shaida daga lawan ko jauro (masu sarautar gargajiya na ƙauye) za ta wadatar, ko sai an sake jerin gaba ɗaya da hatimin ƙungiya?

Abin da ya fi damuna lokaci ne. Masara ta kusa wata guda da shuka, yuriya kuwa in ta makara ganye ya yi rawaya, amfaninta ya ragu. In mutum bakwai ɗin suka saya a kasuwa yanzu, ana mayar da kuɗin da suka riga suka biya?