Farantin sarka na gaba: haƙora 34, 32 ko 30 don tseren tsauni na kwana shida?

Jama'a, masu hawan keken tsauni, ku warware min wannan. Taya inci 29 ce, giya 12 a baya daga haƙora 10 zuwa 52, faranti ɗaya tak a gaba mai haƙora 34. Tseren kwana shida ne, kullum hawa ya kusa mita 2,000.

Matsalar 34 ita ce hawa mai tsini. Ko an saka giya mafi sauƙi, juyin feda yakan faɗi ƙasa da 60 a minti, tayar baya ta fara zamewa a tsakuwa, gwiwa kuma ta ɗauki nauyin. Rana ta farko da sauƙi, ta huɗu nake ji.

A lissafina, da 30 gudun ƙarshe bai wuce kilomita 37 a awa ba idan ana juyi 90, 34 kuwa yana kai 42. Shin wannan biyar ɗin ya isa a rasa ayari a shimfiɗaɗɗiyar hanya? Ko 32 ya wadatar?

In kuma an sauka zuwa 30, dole ne a cire gaɓa biyu daga sarka, ko direla, wato na'urar canza giya ta baya, za ta janye rarar?