Miles Morales da Peter Parker: duniyarsu ɗaya ce ko kowa da tasa?

Auwalu Fagge:
Salamu alaikum 'yan'uwa. A fim ɗin Spider-Man na 2018 Peter Parker ya mutu, Miles ya gaje shi a matsayin Spider-Man. Amma a mujallun komik na yanzu ga su nan su biyu da ransu a New York. Yaya aka yi haka? Kuma mai son karanta labarin Miles tun daga tushe, daga ina zai fara?

Malam Sadisu:
Wa alaikumus salam Auwalu. Abin da zai warware maka ƙullin shi ne lambar duniya, domin Marvel, kamfanin da ke buga mujallun, labaransa a duniyoyi daban-daban suke, kuma kowace duniya lamba yake ba ta. Peter na asali, wanda ya fara fitowa a 1962, ɗan duniya ta 616 ne. A 2000 aka buɗe wata sabuwa, ta 1610, inda Brian Michael Bendis ya sake ba da labarin Peter tun yana ɗan sakandare. Wannan Peter ɗin ne ya mutu a 2011 bayan gumurzu da abokin gabarsa Green Goblin, na 616 ko ƙwarzane bai samu ba.

Ka fara da Ultimate Fallout fitowa ta 4, nan Miles ya fara bayyana. Sai Ultimate Comics Spider-Man na 2011 daga fitowa ta 1, inda za ka ga yaro ɗan shekara 13 a Brooklyn ya je gidan Aaron, ƙanin babansa, gizo-gizon da ya maƙale a jakar kayan da Aaron ya sato daga kamfanin Oscorp ya cije shi. Bayan nan Spider-Men na 2012, fitowa biyar ne kacal, a nan ya fara haɗuwa da Peter na 616. Sai Secret Wars na 2015, inda duniyoyin suka yi karo, ta 1610 ta rushe, aka kai Miles duniya ta 616. Kada ka tsallake wannan, in ba haka ba za ka ga mahaifiyarsa Rio da rai alhali ka karanta mutuwarta. Dalilin yana ciki: Miles ya ba Molecule Man, wani mai ƙarfin sarrafa halitta, hambaga lokacin da yunwa ta addabe shi, shi kuma ya rama masa alherin da dawo masa da ita. Wurin nan yana taɓa zuciya ƙwarai.

Hauwa Zariya:
Malam ya gama magana, sai dai akwai tarko guda. Mujallu biyu ne masu suna Ultimate Spider-Man. Na 2024 na Jonathan Hickman a duniya ta 6160 yake, Peter magidanci ne da mata da 'ya'ya biyu, kuma ba ci gaban na Bendis na 2000 ba ne. Ka duba shekara da sunan marubuci a bango kafin ka saya, don 1610 da 6160 suna saurin rikita ido.

Bashir Damagaram:
Kuma Yaya Auwalu kada ka auna mujalla da ma'aunin fim. A fim ɗin Spider-Man na 2023 an ce gizo-gizon daga duniya ta 42 ya fito. A mujalla 42 lamba ce kawai da aka rubuta a jikinsa a ɗakin gwaji. Haka Gwen Stacy, budurwar Peter a duniya ta 616: ta duniya ta 65, wadda ta fara fitowa a 2014, ita gizo-gizon ya ciza, tana kaɗa ganga a ƙungiyar mawaƙa, Peter ɗinta kuwa ya rikiɗa ya zama dodon ƙadangare mai suna Lizard ya mutu. Gwen ta 616 tun 1973 ta mutu, ba ta samu wani ƙarfi ba kafin mutuwarta. In ka haɗa su wuri guda lissafin ba zai taɓa fita ba.

Auwalu Fagge:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Zan fara neman Ultimate Fallout ɗin.