Neman kalma: faifan CD da kwamfuta ke tashi da shi

Mai Fassara: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ranar Litinin zan miƙa fassarar wata takardar koyarwa da za a raba wa yara masu koyon gyaran kwamfuta, kuma kalmomi uku sun tsaya mini a wuya. Darasin yana bayanin yadda ake kwashe abin da ke cikin tsohon faifan fulofi a ɗora shi a kan CD, ta yadda kwamfuta za ta iya tashi daga CD ɗin ko da babu komai a rumbunta na ajiyar bayanai. Yaran suna buƙatarsa ne saboda wasu tsofaffin injinan da ake kawo musu ba sa tashi daga filash, na'urar karanta fulofinsu kuma ta daɗe da mutuwa. Kalma ta farko ita ce wadda masu gyara ke kira butin, wato abin da kwamfuta ke yi bayan an danna maɓalli har ta shirya aiki. Ta biyu ita ce imej, wato fayil guda da ya ƙunshi faifai sukutum. Ta uku ita ce halin da CD ke shiga har kwamfuta ta ɗauke shi a matsayin fulofi. Na rubuta "faifan kunnawa" da "hoton faifai" na wucin gadi, amma raina bai kwanta da su ba.

Mai Gyara: Wa alaikumus salam, Malama. Don Allah ki cire kunnawa. Kunnawa danna maɓalli ne kawai, fitila ta kama, fanka ta fara juyawa. Sau da yawa ana kawo mana injin da ya kunnu sarai amma ya ƙi tashi, kuma mai shi da bakinsa yake cewa ya ƙi tashi, kamar yadda direba ke faɗa a kan mota idan ya murza makulli ta yi ta kuka ba ta kama ba. Tashi ita ce kalmar, kuma tana bakin mutane tun kafin mu yi zancenta.

Malamin Kwamfuta: Na goyi bayan tashi. A kan imej kuwa, ya kamata a fahimci abin kafin a raɗa masa suna. Fulofi mai ɗaukar megabayit 1.44 an kasa shi gurbi 2,880, kowane gurbi bayit 512. Idan aka ɗauki imej ɗinsa, ana karanta gurbi na farko har zuwa na ƙarshe, da wanda ke da kaya da wanda ba shi da komai, shi ya sa girman fayil ɗin kullum bayit 1,474,560 ne ko da wasiƙa ɗaya tak ke cikin faifan. A gurbin farko ne ɗan umarnin da ke tayar da injin yake zaune, kuma shi ba fayil ba ne da ido zai gani a jeri. Dabarar ɗora wannan a kan CD ta fito ne daga ƙa'idar El Torito, wadda kamfanonin Phoenix Technologies da IBM suka fitar a 1995 a matsayin ƙari a kan ISO 9660, wato tsarin jera fayiloli a kan CD, aka kuma raɗa mata sunan wani gidan cin abinci da ke Irvine a jihar Kalifoniya ta Amurka. Ƙa'idar ta yarda CD ya tsaya a matsayin fulofi na megabayit 1.2 ko 1.44 ko 2.88, ko a matsayin babban rumbu, ko kuma ya tayar da injin kai tsaye. Idan ya tsaya a matsayin fulofi, shi ne zai karɓi harafin A, fulofi na gaskiya kuma ya koma B. Wannan hali ni kwaikwayo nake kiransa a aji.

Mai Gyara: Wannan bayani na gurbin farko gaskiya ne. Wani yaro a shagonmu ya kwafe fayilolin fulofi ɗaya bayan ɗaya ya zuba a CD, ya ɓata faifai huɗu a yini guda, injin kuma bai ko motsa ba. Saboda haka kada a ce kwafi, domin duk yaron da ya ji kwafi abin da zai yi ke nan.

Tsohon Malami: Na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma abin da ya dame ni shi ne yadda muke gudun Turanci muna faɗawa cikin Turanci. Hoto kalmar Turanci ce, kwafi ma haka. Bayan wannan, hoto fuskar abu kawai yake ɗauka, ba ya ɗaukar cikinsa, kuma ba wanda ya taɓa dafa tuwo a hoton tukunya. Ku je wurin masu zubin tukwanen dalma ku tsaya ku gani. Maƙeri zai ɗauki tukunya lafiyayya ya danna ta cikin damammiyar ƙasa, ya zare ta a hankali, ƙasar ta riƙe siffarta duka, har da kunnuwa da ɗan tabon da ke gindinta, sannan ya kwarara narkakkiyar dalma a ciki, sabuwar tukunya ta fito babu abin da ya raba ta da ta farko. Abin da Malamin Kwamfuta ya kwatanta ke nan, babu ragi babu ƙari. Sunansa zubi, a ce zubin faifai. Ga wanda ke tayar da injin kuma, Hausa tana da hanyar gina sunan kayan aiki, kamar mabuɗi da makulli da madubi, sai a bi ta.

Ɗalibar Harshe: Allah ya gafarta Malam, idan muka bi wannan hanya daga tashi, abin da za mu samu shi ne matashi, kuma matashi ya riga ya zama na kai da na saurayi. Sannan faifan ba shi ne ke tashi ba, tayarwa yake yi, don haka aikatau ɗin da ya dace shi ne tayar da. Ina ganin a ce faifan tayar da kwamfuta a ambato na farko, daga baya a taƙaita zuwa faifan tayarwa. Zubi kuma yana da kyau ƙwarai a ma'ana, sai dai ina tsoron mai karatu zai fara tuna zubin adashi.

Tsohon Malami: 'Yata, a kan matashi kin yi gaskiya, na janye. A kan zubi kuwa ban janye ba. Wace kalma ce ba ta da ma'ana biyu? Faifan da kuke ta ambata ai na rufe ƙwarya ne da na sheƙar hatsi, iyayenmu suka ga na garmaho suka ba shi sunan, kuma ba a taɓa jin wanda ya rikice ba. Su ne suka ce jirgin ƙasa da jirgin sama. Mu kuma da muka yi karatun da ba su yi ba, mun zama masu jiran abin da yaran shago za su lanƙwasa daga Turanci mu rubuta musu shi a littafi.

Mai Gyara: Baba, da girmanka, yaran shago su ne za su riƙe takardar nan ranar Litinin. Shekara nawa ana cewa na'ura mai ƙwaƙwalwa a rediyo, amma duk wanda ya shigo shagona kwamfuta yake cewa. Idan yaro ya buɗe Nero ko wata manhajar ɗora faifai, kalmar da zai gani a allo Turanci ce, kuma hoto ne zai kai shi gare ta da sauri. Kalmar da ba ta fita daga aji ba, ba ta taimaki kowa ba.

Ɗan Damagaram: Ina so in tunatar da ku cewa allon da kuke magana a kansa, a wurinmu Faransanci yake nunawa. Duk lokacin da aka ce a bi abin da mutane ke faɗa, mutanen Kano ake nufi, kuma Turancin Ingilishi ake nufi. Butin ba ya nufin komai ga mai gyara a Damagaram ko Maraɗi. Kowane harshe daga gidansa ya ɗauko kwatance. Bature ya ɗauko daga madaurin takalmi, Bafaranshe ya ɗauko daga ɗan ruwan da ake zuba wa famfo kafin ya fara ja, Balarabe kuma ya yi amfani da kalmar da yake faɗa wa tashin jirgi. Don haka tashi da tayarwa sun yi mini daidai, kuma a wannan karon ina tare da Malam a kan zubi, domin kalma ce da babu iyakar ƙasa a tsakaninmu da ita.

Ɗalibar Harshe: Ba wanda ya ce Hausar Kano ta fi ta Damagaram, amma hoto ai ta daɗe da zama Hausa a ƙasashen biyu, tana da jam'inta, hotuna. Idan asali za mu bi, sai mu kori littafi da alƙalami da sura tun da Larabci ne.

Tsohon Malami: Ban ce a kori kowa ba. Baƙon da ya zo da abin da babu a gida ana yi masa shimfiɗa. Abin da na ƙi shi ne aron abin da muke da shi, musamman idan na gidan ya fi na aron faɗin gaskiyar abin. Kuma tun da ana batun kalma ta uku, kwaikwayo ya yi sanyi. Abin da faifan nan yake yi shigar burtu ce.

Malamin Kwamfuta: Ranka ya daɗe, shigar burtu ta mafarauci ce da ke neman yaudarar abin da zai harba. A nan babu yaudara, domin manhajar farko da ke cikin injin, wato BIOS, ita ce da kanta take karanta jadawalin da ke kan CD ta shirya kwaikwayon. Ina jin tsoron yara su ɗauka wata ƙwayar cuta ake nufi. A bar kwaikwayo.

Mai Fassara: Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Lokaci ya ƙure mini, ga abin da zan miƙa. Butin zai zama tashi, faifan kuma faifan tayarwa, kamar yadda 'yar'uwata ta tsara. Hali na uku zai zama kwaikwayon fulofi. A kan imej na kasa yanke hukunci, saboda haka a shafin farko zan rubuta "zubin faifai, wanda wasu ke kira hoton faifai", in biyo da misalin maƙerin tukunya da Baba ya kawo da kuma labarin faifai huɗun da suka lalace, sannan in ci gaba da zubi a sauran shafukan. Zan zauna a ajin in saurari wadda yaran za su maimaita da bakinsu.

Mai Gyara: Hoto za su ce, Malama, amma ki gwada. Misalin tukunyar dai zan yi amfani da shi a shago.

Tsohon Malami: Ban so aka jera su biyu ba, domin idan aka ba yaro zaɓi, wadda ya saba ji zai ɗauka. Amma tun da zubi ce a gaba, na haƙura. Sai dai akwai saura. Ban ga abin da kika rubuta a wurin da Turawa ke cewa an ƙona faifai ba, kuma ina roƙon kada ki rubuta ƙonawa, domin a Hausa abin da aka ƙona ya tashi daga aiki.

Mai Fassara: Baba, ɗorawa na rubuta, an ɗora zubin a kan faifai. Idan akwai mai gyara a kan wannan, ya turo kafin daren Lahadi, domin da safe zan kai takardar wurin bugawa.