Wace manhajar taswira ce ta fi kai mutum inda za shi?

Da muka tattauna da direbobi da masu kai saƙo a babur, yawanci Google Maps suka zaɓa, ta fi sanin shaguna da gidajen mai, kuma za ka iya sauke taswirar gari tun kana da data, ko netwok ya ɗauke tana aiki. Waze kuwa, wadda Google ta saya a 2013, da rahoton direbobi take aiki, inda masu amfani da ita suka yi kaɗan ba za ta nuna maka cunkoso sosai ba. Apple Maps ta masu iPhone ce. A lungunan cikin birnin Kano dai don Allah ka tsaya ka tambayi mai shago, wani wayarsa ta cusa shi lungun da ko adaidaita ba ta shiga.