"Hali zanen dutse" a darasin jan ra'ayi: ya dace?

Malamar Aji: Salamu alaikum. Ina koyar da hanyoyi uku na shawo kan mai sauraro, waɗanda Aristotil na Girka ya zayyana tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS): itos, wato halin mai magana, fatos, wato taɓa zuciya, da logos, wato hujja. Da na zo kan itos sai na kawo "hali zanen dutse". Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, in a dutse aka zana shi, to me za mu koya?" Tambayar nan ta tsaya mini a rai.

Dattijo: Malama, ai kin yi daidai. Wanda aka san shi da ƙarya, ko zuma ce a bakinsa ba mai yarda. Halinsa ya riga shi shiga zauren.

Ɗalibin Balaga (ilimin fasahar magana): Allah ya ƙara girma Baba, amma ɗalibar tana da gaskiya. Aristotil ya ce yardar daga jawabin kansa take fitowa, ba daga sunan da mutum ya zo da shi ba. Abu uku ake so mai sauraro ya gani: hankali, nagarta, da cewa kana nufinsa da alheri. Kuma duk ana koyonsu. Ka ga mai jawabi ya ce "a nan abokin hamayyata ya fi ni hujja", sai jama'a su gyara zama, ko da yau suka fara ganinsa. Isokiratis, wanda ya yi zamani da Aristotil a Atina, shi ne ya fi jingina abin ga rayuwar mutum. Karin maganar ta fi dacewa da shi.

Dattijo: To yaro, in dabara ce kawai, ba mayaudara za mu yaye ba?

Ɗalibin Balaga: Wannan tsoron tsoho ne Baba. Shi ya sa Kwintiliyan na Rum ya ce gwanin magana sai mutumin kirki. Ramin ƙarya kuma ƙurarre ne.

Malamar Aji: Na gode ƙwarai. Gobe zan rubuta karin maganar a allo, in raba ajin gida biyu, ɓangaren Aristotil da na Isokiratis. Ita wadda ta yi tambayar ce za ta fara. Wa zai ba ni karin maganar da ta dace da fatos?