Kowa da nasa: yadda mabiya Hindu ke samun abin bautarsu, daga bakin waɗanda suka zauna da su

Ɗan Sharaɗa

Salamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni ga waɗanda suka zauna Indiya, ko karatu ya kai su, ko jinya, ko fatauci. A kamfanin robar da nake aiki Indiyawa biyu ne a samanmu, dukansu Hindu. Manajan yana da hoton mai fuskar birin nan a kan teburinsa, kuma ranar Talata ko ƙwai ba ya ci. Shi kuwa akanta, mai kan giwa ne liƙe a gaban motarsa. Addini ɗaya, kowa da nasa. Shin mutum ne ke zaɓa da kansa, ko gado ne, ko malaminsu ke ba shi? Ina jin nauyin tambayarsu, kada su ɗauka ba'a nake yi. Don Allah wanda ya gani da idonsa ya yi magana, ba wanda ya gani a fim ba.

Injiniyan Pune

Wa alaikumus salam. Mai fuskar birin sunansa Hanuman, mai kan giwar kuma Ganesha. A Pune na yi karatu, cikin jihar Maharashtra, na kama haya a gidan wata dattijuwa, ni a sama su a ƙasa. Kullum da sassafe ƙarar 'yar ƙararrawarta da ƙamshin turaren tsinke su ke hawowa ɗakina. A lungun kicin take da wata 'yar kanta ta katako, an jera hotuna da ƙananan gumaka na tagulla, ga fitilar mai a gabansu. Da muka saba na tambaye ta. Sai da ta zuba min shayi sannan ta fara.

Abin mataki uku ne. Akwai na dangi, suna ce masa kula-devata. Wannan ba a zaɓensa, tarar da shi kake yi, mace kuma in ta yi aure ta koma na gidan miji. Nasu Khandoba ne, wanda wurin bautarsa ke kan dutse a garin Jejuri, ba nisa da Pune. Duk wanda ya yi aure a danginsu sai an kai shi can da amaryarsa, a yi ta watsa garin kurkum har tufafin kowa su koma ruwan ɗorawa. Sai na gari. A Pune Ganesha ne, tun ma ba daga 1893 ba, lokacin da Tilak, wani jagoran neman 'yancin Indiya, ya mayar da bikinsa taron jama'a a kan titi. Kwana goma ake yi, in kana da lacca a makon to ka fita da wuri. Na ukun shi ne abin da kake tambaya, na zuciya, ishta-devata.

Nata Vitthal ne na garin Pandharpur. Duk shekara a farkon damina mabiyansa suna tafiyar ƙasa ta kusan mako uku zuwa can, ayarin kuma ta cikin Pune yake bi. Ta ce tana ƙarama uwarta ke saɓa ta a kafaɗa su je kallon ayarin, tun daga nan hankalinta ya tsaya a kansa. Na ce to ke kika zaɓe shi ke nan. Ta girgiza kai, ta ce a'a, shi ya zaɓe ta. Mijinta Shiva yake yi wa azumin Litinin. Ɗansu mai ɗaga ƙarfe kuwa Hanuman ne nasa, don shi ne na 'yan kokawa da masu neman ƙarfin hali, ranakunsa Talata da Asabar. Gida ɗaya, kanta ɗaya, ban taɓa jin sun yi musu a kai ba.

Maman 'Yan Biyu

Ni jinyar mahaifiyata ta kai ni Chennai. Abin da na gani, wuya ce ke zaɓa wa mutane da yawa. Nas ɗin da ke kula da mu da dare, wata rana ɗankwalinta ya zame sai ga kai tal, an aske. Na ɗauka ciwo ne, na yi mata sannu. Ta yi dariya ta ce bakance ta cika. Ɗanta ya yi rashin lafiya mai tsanani, ta yi alkawari in ya tashi za ta hau dutsen Palani ta ba Murugan gashinta. Yaro ya tashi, ta je aka aske. Ta ce da can danginsu wata abar bauta ta ƙauyensu suke bi, ita ba ta damu da kowa ba, amma tun daga ranar Murugan ne nata. Shi Murugan na Tamilawa ne sosai, a can kudu ko'ina ka ga hoton mashinsa a jikin motoci. Ni dai na ce mata Allah ya raya, don mun san mai warkarwa. Mace ce mai kirki, ita ke juya min Hajiya in na yi barci.

Ta taɓa kawo min wani zaƙi da ta ce daga wurin bautar aka ba su. Na ce mata addinina bai yarda in ci abin da aka miƙa wa wanin Allah ba. Ko a fuska ba ta nuna ɓacin rai ba, ta ce ta sani, suna da maƙwabta Musulmi. Washegari ta zo min da ayaba daga kasuwa.

Malam na Tudun Wada

Jama'a a yi hattara. Sanin halin maƙwabci ba laifi ba ne, amma kada garin bayani a ƙawata shirka. Yara na karantawa.

Maman 'Yan Biyu

Allah ya gafarta Malam, gaskiya ne. Ba wanda ya ce a bi. Bawan Allah ya yi tambaya don ya san yadda zai zauna da abokan aikinsa, mu kuma abin da ido ya gani muke faɗa.

Dakta Bangalore

Malam, ai ko don wa'azi ma gara a san abin da mutum yake cewa da bakinsa. Su kansu ba su haɗu a kan magana ɗaya ba, na ga haka a ɗakin kwanan ɗalibai.

Abokin ɗakina ɗan gidan Brahman ne, wato dangin malaman addininsu, na ɓangaren da ake kira Smarta. A gidansu abubuwan bauta biyar ake jerawa: Shiva, Vishnu, Devi, Ganesha da Surya, wato rana. Wanda zuciyarka ta fi kwantawa da shi ka sa shi a tsakiya, sauran huɗu su kewaye shi. Suna danganta tsarin ga malaminsu Shankara, wanda ya rayu wajen ƙarni na 8. A wurinsa duk abu ɗaya ne marar siffa, siffofin kuwa don hankalin mutum ya sami inda zai tsaya ne, shi ya sa zaɓin ba abin faɗa ba ne. Akwai kuma wani a ƙarshen baranda, ɗan ƙungiyar Hare Krishna da aka kafa a New York a 1966, mai zanen farar ƙasa a tsaye a goshi. Shi in ka ce duk ɗaya ne sai ransa ya ɓaci. Ya ce Krishna ne asali, sauran duk a ƙarƙashinsa suke. Daren da suka kama wannan musun har aka rufe ɗakin cin abinci ba su sani ba, ni da wani ɗan Yemen muna gefe muna cin gyaɗa.

Na uku ɗan Lingayat ne, suna da yawa a jihar Karnataka, mabiya Basava na ƙarni na 12. Shi wani ɗan ƙaramin dutse baƙi yake ratayawa a wuya cikin ɗan akwatin azurfa, alamar Shiva. Da safe ya fito da shi ya ɗora a tafin hannun hagu ya zuba masa ido. Tun yana jariri aka ɗaura masa, ina maganar zaɓi a nan? Ga kuma 'yan Arya Samaj, da aka kafa a 1875, waɗanda ba su yarda da gunki ba sam.

Akwai ƙididdigar da cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a 2021, bayan ta tambayi manya kusan 30,000 a Indiya. Da aka tambayi Hindu wa suka fi jin kusanci da shi, aka ba su damar ambaton fiye da ɗaya, kashi 44 cikin ɗari suka ce Shiva, 35 Hanuman, 32 Ganesha. Kashi 61 sun ce abin bauta ɗaya ne mai bayyana ta siffofi da yawa, kashi 7 kawai suka ce alloli ne daban-daban. Ka ga manajanka da akantanka duk a sahun gaba suke.

Bakatsine

Wannan na dangin da Injiniya ya faɗa, ba shi ne kan gida na Maguzawa ba? Kakata takan ba mu labarin gidajen da kowanne ke da iskar da ya gada, ana yi mata yanka duk shekara.

Injiniyan Pune

Baba, ta fuskar gado sun yi kama. Amma na zuciyar daban ne, shi ba tsoron kada ya yi fushi ne ke riƙe mutum ba. Dattijuwar nan in tana maganar Vitthal, "uwata" take ce masa, alhali namiji ne a hoton, tsaye a kan bulo ya riƙe ƙugu.

'Yar Zangon Nima

Mu a Akra muna da su, kuma ba Indiyawa kaɗai ba. A unguwar Odorkor akwai gidan ibadar Hindu na baƙaƙen fata da aka kafa a 1975, shugabansa na farko, Swami Ghanananda, mutumin Gana ne. Ina sayar da atamfa a Makola, maƙwabciyata a rumfa can take zuwa. A coci ta tashi, ta shiga da girmanta. To ita ba na dangi ba na gari, don haka ita ce ta yi zaɓi na gaske. Ta ce ta daɗe tana zuwa tana zama a baya, ba ta san wa za ta kama ba, yau ta ji wannan ya burge ta gobe wancan. Malaminsu ya ce mata mai haƙa rijiya wuri ɗaya yake tsayawa. Daga baya ya yi mata bikin karɓa, ya raɗa mata wasu kalmomi a kunne na Shiva, ya ce ta riƙa maimaitawa. Carbinta 108 ne, na wasu 'ya'yan itace masu kaushi da suke ce wa rudraksha. Ta ce masu bin Krishna na itacen tulsi suke riƙewa. Na ce ta faɗa min kalmomin, ta ce ko mijinta bai sani ba. In kasuwa ta yi sanyi ni ina jan nawa carbin ita tana jan nata, mai saye ya zo mu duka mu ajiye.

Alhajin Kwari

Ni Surat nake zuwa saro yadi. 'Yan kasuwa dai Lakshmi ce tasu, mai dukiya, tare da Ganesha, don shi suke farawa da shi a kowace harka. Lokacin Diwali, bikinsu na kunna fitilu, har sababbin littattafan lissafi ake ajiyewa a gabanta kafin a rubuta komai a ciki. Amma wannan na sana'a ne. Mai shagon da nake hulɗa da shi, nasa na zuciya Shrinathji ne, wato Krishna yana yaro, na garin Nathdwara a Rajasthan. Kamar jariri suke kula da shi, a tashe shi, a yi masa wanka, a sa masa kayan sanyi in hunturu ya shigo.

Ɗansa ne ya ba ni dariya. Yaro ɗan boko, ya ce shi ba zai bi na gado ido rufe ba. Ya biya kuɗi a intanet wani mai duban taurari ya lissafa masa daga ranar haihuwarsa da sa'arta, aka ce masa Durga ce tasa. Ya sayo hoto ya kafa a ɗakinsa. Uban bai hana ba, cewa kawai ya yi in an tashi tafiya Nathdwara kowa zai shiga mota.

Ɗan Sharaɗa, ka tambaye su kai tsaye, suna son a tambaye su. Kilishin naman shanu ne kawai ba za ka kai musu tsaraba ba.

Ɗan Sharaɗa

Na gode ƙwarai. Saura ɗaya: mutum zai iya canzawa daga baya?

Ɗalibin Kerala

Abin da na gani ƙari ake yi, ba a cika sauke wani ba. Direban a-daidaita-sahun da ke kai mu makaranta a Kochi, duk shekara hotuna uku ne a gaban kekensa. Amma daga tsakiyar Nuwamba sai ya koma baƙaƙen kaya, ba takalmi, ba aski, ba nama, ba kusantar iyali har kwana 41, duk don Ayyappa na dutsen Sabarimala. A lokacin ko matarsa "swami" take kiransa, sunan girmamawa na masu ibada. Ya ce da abokai suka fara jan sa yana saurayi, don yawon daji ya bi su, yanzu shi ke jagorantar ayarin unguwarsu. Shi ya fara gaya min cewa a hanyarsu sai sun tsaya a garin Erumeli sun kewaya masallacin Vavar, wani Musulmi da suke cewa abokin Ayyappa ne. Na tambayi limamin masallacinmu, ya ce haka ne, kuma a cikin Musulmin Kerala ma akwai masu ganin abin al'adar zaman tare ce, akwai masu ƙyamarsa. Yana dawowa daga dutsen a Janairu ya yi aski ya sa takalminsa, hotunan nan uku suna nan yadda suke, na Ayyappa ne dai ya fi samun sabon fure.