Disrupt, disturb da interrupt: inda ɗalibai da masu fassara ke tuntuɓe

Malama Hadiza, mai koyar da Turanci a sakandare

Assalamu alaikum. Ina son kowa ya kawo abin da yake gani a wurin aikinsa game da kalmar *disrupt*. A takardun 'yan aji shida masu shirin WAEC da NECO, kuskure uku ne ke ta maimaituwa. Yaro ya rubuta *distrupt*, ya aro harafin t daga *disturb* ya cusa a tsakiya. Ko ya ɗora kalmar a kan mutum, ya ce *my brother disrupted me*. Ko kuma ya cakuɗa ƙarshen sunayen, alhali *disturb* tana ba da *disturbance*, *disrupt* kuma *disruption*. Yaya kuke warware wannan a aji?

Malam Bala, malamin kwalejin ilimi

Wa alaikumus salam, Malama. Ki fara musu daga asali, yana rage rabin wahalar. *Disrupt* daga Latin ta fito: *dis-* na nufin rabuwa, *rumpere* kuma karyawa ko tsinkawa. Wato a fasa abu ya rabu gida-gida. *Interrupt* uwarsu ɗaya, sai dai gabanta *inter-* ne, wato tsakani, a tsinka abu yana cikin tafiya. Danginsu na da yawa kuma yara sun san su: *erupt*, *corrupt*, *abrupt*, *bankrupt*, *rupture*. Ki jera su a allo, ki ja layi ƙarƙashin *rupt*. Wanda ya ga haka sau ɗaya da wuya ya sake rubuta *distrupt*, don zai gane babu t kafin r a gidan.

*Disturb* ba 'yar gidan ba ce sam. Tushenta *turbare*, hautsinawa, daga *turba*, cincirindon jama'a masu hayaniya. 'Yan uwanta su ne *turbulent* da *trouble*. Ta shiga Turanci ta hanyar tsohon Faransanci tun wajen 1300, yayin da *disrupt* ba ta bayyana ba sai a ƙarni na 17, kuma ba ta yaɗu ba sai a ƙarni na 19. A nan Hausa na taimaka mana ƙwarai: dama fura da damuwa tushensu ɗaya, kamar yadda Latin ya haɗa hautsina abu da hautsina zuciya. Don haka *disturb* ita ce damu mutum, *interrupt* ita ce katse.

Tsohuwar ma'anar *disrupt* ta tsagewa tana nan a tarihin Sikotilan. Ɓallewar da limaman coci sama da 400 suka yi daga cocin ƙasar a watan Mayun 1843, ƙarƙashin Thomas Chalmers, har yau *the Disruption* ake kiranta.

Malama Hadiza

Na gode, Malam. To batun ɗora ta a kan mutum fa?

Malam Bala

Ki sa su duba abin da ya biyo bayan aikatau. In mutum ne, ko barcinsa, ko kwanciyar hankalinsa, ko takardun da ya jera a tebur, *disturb* ce. In magana ce ko shirin rediyo da za a ci gaba da shi bayan ɗan lokaci, *interrupt*. In kuwa tsari ne mai sassa da yawa, kamar darasi, taro, zaɓe, zirga-zirgar jirage ko jigilar kaya, *disrupt*. Kuma *interrupt* na iya tsayawa ita kaɗai, kamar *sorry to interrupt*, daidai da namu na "ba katse hanzarinka ba". *Disrupt* sai da abin da aikin ya faɗa a kansa.

Hajiya Rabi, mai fassarar labarai a gidan rediyo

A ɗakin labarai matsalar ta fi ta aji nauyi, domin fassara na iya ƙara wa labari gishiri ba da niyya ba. Sabon ma'aikaci na ganin *protesters disrupted the meeting* sai ya rubuta "masu zanga-zanga sun tarwatsa taron". Mai sauraro zai ɗauka an watse, kowa ya kama gabansa. Amma sau da yawa in ka karanta sakin layi na biyu za ka tarar an yi ihu na mintuna, aka fitar da su, taro ya ci gaba. Tarwatsa ta fi dacewa da *disperse*, abin da 'yan sanda ke yi wa gungun mutane.

Ƙa'idar da muke bi ita ce kada a fassara kalmar sai an karanta labarin har ƙarshe. In abin ya ci gaba da tangarɗa, "kawo cikas". In ya tsaya na wani lokaci, "kawo tsaiko". In tsarin ya rikice gaba ɗaya, "dagula" ko "hargitsa". Lokacin da jirgin ruwan dakon kaya Ever Given ya tokare mashigin Suez na kwana shida a watan Maris na 2021, jirage ɗaruruwa suka yi layi, nan "kawo tsaiko ga jigilar kaya" ta zauna daidai. Hazon hunturu kuwa, da ke sa a jinkirta wasu jirage a Kano a soke wasu, cikas ne, domin filin jirgin bai rufe ba. Kalma ɗaya ce a Turanci, amma mai sauraro na da haƙƙin sanin girman abin.

Malam Issoufou, daga Damagaram

Mu da muka yi boko da Faransanci namu tarkon daban ne. *Interrompre* da *interrupt* sun yi daidai. Amma inda Bature ɗan Ingila zai ce *disrupt*, Faransanci *perturber* yake cewa, sai ɗalibi ya rubuta *the traffic was perturbed*. A Turanci *perturb* ta fi tafiya da mutumin da hankalinsa ya tashi. Mafi muni ita ce *déranger*, wadda ita ce *disturb*. Ɗalibi na son ya ce kada ya dame ka, sai ya ce *I don't want to derange you*, alhali *deranged* a Turanci mai taɓin hankali ne.

Alhaji Garba, tafintan kotu

*Disturb* ma tana da wannan fuskar. *He is disturbed* ba ta tsaya a "ya damu" ba, tana iya nufin yana da larurar ƙwaƙwalwa, kuma a gaban alƙali bambancin ba ƙarami ba ne. Tafinta ya tambaya kafin ya fassara. A takardar tuhuma kuma *disturbance* za ka gani, kamar *inciting disturbance*, tunzura jama'a su tayar da zaune tsaye.

Malama, ki kuma lura da Turancinmu na gida. *Ulcer is disturbing me* fassarar "olsa na damuna" ce kai tsaye. Kowa a Najeriya zai gane, amma mai duba jarrabawa zai fi son *bothering* ko *troubling*. Haka *stop disturbing* ba tare da an faɗi wa ake damu ba.

Aminu, mai harkar manhajojin waya

Iyayenmu malamai, a fannin kasuwanci kalmar ta zama yabo. Wannan ya samo asali daga Clayton Christensen, tsohon malamin makarantar kasuwanci ta Harvard, wanda shi da Joseph Bower suka yi rubutu a kan *disruptive technologies* a 1995, ya faɗaɗa shi a littafinsa na 1997. Abin da yake nufi takamaimai ne: ƙaramin kamfani ya shigo da kaya mai araha, wanda da farko bai kai na manya inganci ba, ya kama kwastomomin da manyan suka raina ko waɗanda ba su taɓa saye ba, ya yi ta gyarawa har ya ture su. Shi da kansa ya rubuta a 2015 cewa Uber, kamfanin da ake kiran tasi ta manhajarsa, bai cika wannan sharaɗin ba. Yanzu kowane mai neman jari cewa yake zai *disrupt* kasuwa, ko da shago ya buɗe a intanet.

Hajiya Rabi

Shi ya sa a labarin kasuwanci ba ma cewa "kawo cikas", Aminu, sai mai sauraro ya ɗauka ɓarna aka yi. "Sauya fasalin kasuwa" ko "girgiza manyan kamfanoni" muke cewa.

Malama Hadiza

Amma a rahoton makaranta *disruptive* ba yabo ba ce, yaron da ke hana darasi tafiya ake nufi. Saura furuci. Nauyin murya na kan gaɓa ta biyu a *disrupt* da *disturb*, a *interrupt* kuma kan ta ƙarshe. Yaranmu kan mayar da p ta zama f, su yar da t ɗin ƙarshe. Abin da ke aiki shi ne a fara da *up*, a haɗa leɓe a rufe, sannan *upt*, sannan *rupt*, kafin a ɗora *dis*. A shuɗaɗɗen lokaci *disrupted* gaɓa uku ce, *disturbed* kuwa biyu, ba a furta e ɗinta.